Gana Majemi da Fatar Farin Maraƙi

A gangaren ƙauyenmu, inda fadama take miƙewa zuwa kogin Haɗeja, akwai wani ɗan fili da bai fi masussuka girma ba, an kewaye shi da ƙaya. Ba a nomansa, ba a kiwo a cikinsa, alhali ciyawarsa ta fi ta ko'ina kauri. Duk shekara idan ruwa ya janye, mutanen gidanmu ne suke zuwa su sa masa sabuwar ƙaya. 'Yan gari suna kiran wurin Gonar Mahaukaci, kuma raina yana ɓaci duk sanda na ji, don wanda suke nufi shi ne Gana Majemi, kakan mahaifin kakata. Kakar tawa ce ta ba ni labarinsa. Abin da ba ta sani ba kuwa na same shi a wajen aiki, domin shekara ashirin da shida ke nan ina duba jinin dabbobi a madubin likita.

Gana ya yi zamaninsa tun Turawa ba su zo ba, kafin ma annobar sannu da ta share shanun ƙasar nan. Babarbare ne ta wajen uba, gajere, mai faɗin kafaɗa, ruwan bagaruwa ya rina hannuwansa har ba a gane asalin launinsu. Shi da wansa Inuwa suke da majema a bayan gari, kwatarniya shida a jere a gindin wata tsamiya. Da abu biyu aka san shi. Ba ya iya ganin fata tana lalacewa, ko akuyar wani ce aka yar a bola sai ya tsaya ya shafa bayanta. Sannan yana da tsoron ruwa na ban mamaki. Mutumin da aka haifa a bakin kogi, amma in zai shiga kwalekwale sai ya zauna a tsakiya ya runtse ido har a kai gaɓa.

'Yarsa ta fari sunanta Mairam, tana aure a wani ƙauye a tsallaken kogi. Kamar kowane uba na lokacin, Gana bai taɓa kama sunanta ba. "Waccan" yake cewa, ko "yarinyar nan". Ba ya haɗa ido da ita, ba ya zuwa gidan aurenta. Kada wani ya ɗauka rashin so ne. Duk cikin 'ya'yansa babu wadda ya so kamarta, kunyar 'yar fari ce kawai, ita ma ta san da haka.

Wata shekara aka yi ambaliyar da ta wuce ta kullum. Da ruwa ya janye, ciyawa ta fito shar a fadama, Fulani suka gangaro da shanu kamar yadda suka saba. A cikinsu akwai Tukur, wanda ya fi shekara goma yana sayar wa Gana fata. Wata Asabar da hantsi labari ya iso majema cewa shanun Tukur bakwai sun kwana da rai sun wayi gari a mace, har da wani farin maraƙi. Gana ya ɗauki wuƙaƙe, ya kira Inuwa, suka nufi fadama.

Suka tarar da shanun a kwance, ciki a kumbure, wani baƙin jini yana tsiyaya ta hanci da ta baya, ya ƙi daskarewa. Tukur yana tsaye can nesa, ya dogara da sanda.

Ya ce, "Babarbare, yau ban da wasa. Kada ka sa musu wuƙa."

Gana ya kwashe da dariya. Ya ce, "Bafillace, mushen ma rowarsa za ka yi mini? Tana da rai ba ka iya yanka ta, ta mutu kuma ka hana ni rigarta?"

Tukur ya ce, "Cutar saifa ce. Mu idan ta kayar da saniya ba ma buɗe ta. Mukan bar ta yadda ta faɗi, mu tashi."

Gana ya ce, "To tashi mana. Ni na riƙe ka?"

A nan abin ya lalace, kuma ban ga laifin kowa sosai ba. Barebari da Fulani abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Shekara goma Tukur bai taɓa gaya wa Gana magana a miƙe ba. Ya taɓa sa shi gudu har majema da cewa dorina ta shiga kwatarniyarsa. Ranar da ya zo da gaskiya, sai kunnen Gana ya ji ta a matsayin zolaya. Ga shi kuma malamin unguwa ya taɓa gaya masa cewa naman mushe ne haram, fatarsa kuwa idan an jeme ta ana iya amfani da ita a kan busasshen abu. Gana ya yarda cewa babu ƙazantar da bagaruwa ba ta cinyewa. Tukur ya kaɗa sauran shanunsa ya bar fadamar kafin azahar, ko nonon ranar bai tsaya an sayar ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani, amma idon Gana yana kan fatu.

Abin da ya kashe shanun nan na gan shi da idona ba sau ɗaya ba. Wata halitta ce daga cikin waɗanda muke kira bakteriya. Jikinta duka ƙwaya ɗaya ce tal, dubbanta za su taru a bakin allura ba ka ga komai ba. A madubi kamar guntayen kara take, an jera su baki da baki. Daga waje tana sanye da wata riga mai yauƙi. Dakarun jini, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon da ya shigo jiki, in sun kama ta sai ta suɓuce musu. A ƙarƙashin rigar akwai bango mai tauri, shi ya ba ta siffar kara, shi yake hana ta fashewa in ruwa ya cika ta. Bangon nan muke rusawa yau da allurar fenisilin, ta fashe ta mutu. Bayan bango sai wani siririn tantani mai tace abin da zai shiga da abin da zai fita. Ta nan take jan abinci, ta nan take fitar da dafin da yake kumbura nama. Can ciki ruwa ne mai kauri, da zaren gadonta a cukurkuɗe, da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ƙera mata duk abin da zaren ya tsara. Wasu 'yan'uwanta suna da jela da suke iyo da ita, ita ko ɗaya ba ta da shi. Ba ta iya matsawa ko'ina sai an ɗauke ta, kuma ranar nan Gana da Inuwa ne suka zame mata ƙafafu.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro game da ita. Muddin tana cikin mushen da ba a buɗe ba, ruɓa tana cinye mafi yawanta cikin 'yan kwanaki. Amma da zarar iska ta taɓa jinin, sai ta tattara zarenta wuri guda, ta naɗe shi da ɓawo a kan ɓawo, ta bar sauran jikinta ya mutu. Wannan ɗan ƙullin ba ya ci, ba ya sha. Rana ba ta kashe shi, bagaruwa ba ta kashe shi. Yana iya zama a ƙasa shekara da shekaru, sai ranar da ya sami ƙofar shiga jini ya farka. Fulani ba su san da ɓawo ko zare ba, sun dai san kada a buɗe. Wuƙar Gana ce ta ba ta iska.

Suka feɗe duka, har maraƙin. Inuwa ne ya yi jigila, sahu uku, fatu a saɓe a wuya. Da safiyar ranar ya yi aski, askar ta ɗan yanke shi a ƙeya, bai ma kula ba. Shi kuma Gana ƙaya ta karce shi a wuyan hannu sanda yake jan wata saniya daga cikin ciyawa.

Ranar Litinin aka aiko daga tsallake cewa Mairam ta sauka, namiji. Haihuwarta ta biyu ce, shi ya sa ba ta zo wankan gida ba. Gana ko murmushi bai yi a gaban mutane ba. Ya dai je majema ya zaro fatar farin maraƙin daga cikin sauran, ya kankare bayanta, ya bar mata gashinta, ya jiƙa ta da bagaruwa. Kwana huɗu yana kanta, yana murza ta da hannu har ta yi laushi. Ranar Juma'a ya naɗe ta a tabarma ya ba ƙanwarsa Larai da za ta tsallaka don hidimar suna.

Ya ce, "Ki kai wa waccan. A riƙa kwantar da yaron."

Larai ta ce, "Yaya, wannan ai sai ranar suna zan fito da ita, mata su gani."

A cikin kwanakin nan wani ɗan ƙurji ya fito wa Inuwa a ƙeya, yana ƙaiƙayi. Aka ce cizon ƙwaro ne. Ya yi ruwa, ya fashe, tsakiyarsa ta koma baƙi ƙirin kamar gawayi. Abin da ya ruɗe su shi ne ba ya ciwo. Inuwa yana latsa shi da yatsa yana cewa ba komai. Ranar Asabar wuyan ya kumbura har ya haɗe da haɓa, zazzaɓi ya rufe shi. Aka shafa masa magani, aka ba shi rubutu ya sha, da ƙyar ya haɗiye. Ranar Lahadi da la'asar ya cika.

Gana ne ya yi masa wanka. Da ya juya shi sai ya ga baƙin tabon a daidai layin da aska ta bi, a daidai inda fatu suka zauna. Wani tunani ya zo masa, amma ya kore shi, aka kai Inuwa aka dawo.

Washegari Litinin, ranar suna. Gana ba zai je ba dama, ga kunya ga rasuwa. Ya fito alwalar asuba, ya naɗe hannun riga, ya zuba ruwa. Ɗan ƙurjin da ya kwana biyu yana sosawa a wuyan hannu, a kan karcewar ƙaya, tsakiyarsa ta yi baƙi. Ya latsa, bai ji zafi ba.

Ya yi sallah, amma bai san abin da ya karanta ba. Yana zaune a kan buzu abubuwan suka jeru masa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa tana gida ɗaya da shi, ba abin da ya same ta. Matar Inuwa ta yi jinya kwana da kwanaki, lafiyarta ƙalau. Abin bai kama kowa ba sai wanda fata ta taɓa, kuma bai shiga ta ko'ina ba sai inda jiki ya tsage. Sai ya tuna abin da ake yi wa jariri ranar suna. Da hantsi wanzami zai aske masa kai, ya yi masa tsaga a kumatu, ga cibiya ba ta warke ba. Daga hannun wanzami kuma sai kan fatar da kakansa ya aiko.

Kakata ta ce ya fita ko hula babu. Da ya isa mashaya, kwalekwalen garin yana can tsallake, ya kai 'yan suna bai dawo ba. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, ba wanda ya amsa. Rana tana ta ɗagawa. A gefe wani masunci yana gyaran koma, da ƙatuwar gorarsa a ajiye, irin wadda suke kifa ciki a kai su bi ruwa.

Gana ya ce, "Ara mini gorar nan."

Masuncin ya dube shi, ya san shi sarai. Ya ce, "Gana, kai? Ruwan nan fa ya fi tsayin mutum uku a tsakiya."

Gana ya tura gorar, ya kifa cikinsa a kai, ya shiga. Ruwan sanyi ya kama shi har ƙirji, gorar tana juyawa tana neman kuɓuce masa. Bai iya tuƙi da hannu ba, sai dukan ruwa yake yi. A tsakiya igiyar ruwa ta ja shi ƙasa da mashaya, ya sha ruwa, ya shaƙe, wani abu ya shafi ƙafarsa bai san ko mene ne ba. Ya ce daga baya bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, amma duk sanda ya runtse ido sai ya ga ƙeyar Inuwa, sai ya buɗe ya ci gaba da dukan ruwa. Ya fita a cikin laka nesa da hanya, ya bar gorar a nan, ya kama gudu.

A ƙofar gidan su Mairam an riga an raɗa suna, an sa wa yaro Haladu, maza sun fara watsewa. Surukin Mairam, Malam Baƙo, yana zaune a zaure da sauran dattawa. Gana ya ratsa ta tsakiyarsu jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, ko sallama babu, ya faɗa cikin gida inda mata suke.

Tsakar gidan cike take, ana daka, ana guɗa. A ƙofar ɗaki Larai ta shimfiɗa fatar a kan tabarma, fara tas, mata suna yabawa. Wanzami ya gama aikinsa yana goge aska. Yaron yana ta tsala kuka, kai a aske, jini a kumatu. Mairam ta karɓe shi, ta durƙusa, ta sunkuya za ta kwantar da shi.

Gana ya ce, "Ke."

Mata sun fi ashirin a wurin, kowace ke ce, ba wadda ta waiwayo. Ya ce, "Yarinyar nan." Guɗa ta danne maganar. Gadon bayan yaron saura kaɗan ya taɓa gashin fatar.

"Mairam!"

Taɓare suka tsaya. Mairam ta san muryar, amma ba ta taɓa jin ta ɗauke da wannan sunan ba. Ta ƙanƙame yaron a ƙirji, ta daskare a durƙushe, ba ta ɗago ba.

Ya ce, "Kada ki ajiye shi. Tashi da shi."

Ta tashi. Ya sa hannunsa mai ƙurjin ya naɗe fatar da tabarmar gaba ɗaya, ya tambayi wa da wa suka taɓa. Larai ce, da Mairam da ta shafa sau ɗaya. Ya sa suka wanke hannu da toka da ruwan zafi, ya duba yatsun Larai ɗaya bayan ɗaya. Na Mairam bai iya dubawa ba, sai ya ce Larai ta duba masa.

Malam Baƙo ya shigo, fuska a murtuke. Ya ce, "Malam Gana, kyautar da ka yi ce ka biyo ka karɓa a gaban mata?"

Gana ya nuna masa wuyan hannunsa. Ya ce, "Wannan ne ya kashe wana jiya. Daga fatar yake. Ta mushe ce."

Malam Baƙo ya ce, "Wato fatar mushe ka aiko wa jikana ranar sunansa."

Har ya mutu bai sake gaisawa da Gana ba.

Gana bai koma gida ba. Ya zauna a gindin wata giginya a bakin kogi ta tsallaken su Mairam, da naɗin fatar a gefe ya danne da dutse. Hannunsa ya kumbura har kafaɗa, zazzaɓi ya riƙa kayar da shi, ya sa rai da mutuwa. Ba ita ce ta dame shi ba. Kowace safiya Larai takan kawo masa kunu, kafin ta ajiye sai ya ce, "Kin duba?" Ta ce, "Na duba, Yaya. Hannunta lafiya, yaron ma lafiya." Ya ce, "Har bayan kunne?" Kwana goma sha biyu suna haka. A na sha uku kumburin ya fara saɓewa, baƙin ɓawon ya faɗi ya bar masa rami a wuyan hannu, ya yarda aka sa shi a kwalekwale.

Da ya dawo ya kwashe fatun nan duka daga majema, ya kai su inda shanun suka faɗi, ya haƙa rami ya binne. Da ya ƙone su da ya huta, amma ina zai sani? A ganinsa abin da aka binne ya tafi ke nan. Shekara ta zagayo, ruwa ya hau ya janye, shanu biyu na wani baƙon Bafillace suka yi kiwo a wurin suka kwana a mace, da baƙin jini a hanci.

Daga ranar Gana bai sake jeme fata ba. Ya bar kwatarniyoyin suka fashe a gindin tsamiya. Ya sare ƙaya ya kewaye wurin, ya kafa 'yar rumfa, ya zauna da sanda. Fiye da shekara ashirin yana korar shanu daga ciyawar da ta fi kowace kyau a fadamar, yana faɗa da makiyaya, yana cewa akwai abu a ƙasa, yana nan da ransa, barci kawai yake yi. Aka ce ruwan da ya sha ranar nan ne ya taɓa masa kai. Tukur kaɗai ne in ya gangaro da rani yakan zo ya zauna da shi a rumfar, ya kawo masa nono, kuma ba su sake yin wasa ba.

Bara wani ɗan'uwana ya zo da zancen a cire ƙayar a sa injin ban ruwa, a yi shinkafa, wai mun daɗe muna bauta wa tatsuniya. Na ce masa ranar da ya sa garma a wurin, ni da shi sai a gaban alƙali. Na ga ƙullin nan a madubi, yana ƙyalli a tsakiyar karan.

Haladu ya girma, ya yi jikoki, shi ne ya haifi kakata. Ita kuma ta taso ta tarar da Mairam tsohuwa tukuf, ana ce mata Iya, ba mai kama sunanta a gidan. Gana ma bai sake kamawa ba, ya koma wa "waccan" ɗinsa har ya bar duniya. Amma kakata ta ce in aka yi baƙo ya kira wata Mairam da ƙarfi a tsakar gida, ko ƙwarya ce a hannun tsohuwar sai ta ƙanƙame ta a ƙirji, ta tsaya cik. Ba ta ajiyewa sai an zo an karɓa daga hannunta.